Kyamarar bakin get ta daina kama Wi-Fi tun da aka canza rauta

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da kyamarori biyu iri ɗaya a gida, nan Ƙofar Ƙaura, duk masu amfani da Wi-Fi, adaftarsu 12V 1A. Ɗaya tana tsakar gida, ɗaya tana saman get. Na canza rauta zuwa sabuwa mai layin waya, shi ke nan duka biyun suka koma "Offline" a manhaja. Na yi musu risetin. Ta tsakar gida ta kama da ƙyar. Ta get kuwa in ta kama da rana, ana yin magariba sai ta sauka, ba ta dawowa sai gari ya waye. Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka maido, dukansu ba sa dawowa sai na zare na sake jonawa. Rautar tana falo, tsakaninta da get kamar mita 20 ne, da bangon bulo uku. Kyamarar ce ta mutu ko akwai gyara?

Injiniya_Layout:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kyamarar da ke aiki da rana ba ta mutu ba, kada ka yi saurin sayen wata. Matsala uku ce ta haɗu maka wuri ɗaya, ni zan ɗauki ta rauta.

Wi-Fi zango biyu ne, 2.4GHz da 5GHz, yawancin ƙananan kyamarorin gida kuwa 2.4GHz kaɗai suke gani, ba su san 5GHz ba. Sababbin rautoci kuma suna zuwa da zangon biyu a ƙarƙashin suna guda, rautar ce ke zaɓar inda za ta tura kowace na'ura. Wayarka tana kan 5GHz lokacin da kake haɗawa, kyamara tana laluben 2.4GHz, shi ya sa ta ba ka wuya. Juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta, za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. Shiga saitin Wi-Fi ka kashe abin da ke haɗe zangon biyu, wasu na rubuta shi "Smart Connect", wasu "Band Steering". Ka ba kowanne sunansa, misali Gida da Gida5, ka sa wayarka a kan Gida kafin ka fara haɗa kyamarar.

Tunda ka shiga, gyara waɗannan ma. Tsaro ka sa shi WPA2 zalla, domin tsofaffin kyamarori da yawa ba sa jituwa da WPA3, har da saitin da ya gauraya biyun. Tashar Wi-Fi, wato "Channel", kada ka bar ta tana zaɓar kanta, ka tsayar da ita a 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Wani lokaci rauta takan koma tasha ta 12 ko 13 da kanta, kyamarar da aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa ba ta ganin waɗannan sam. Faɗin tashar ka bar shi 20MHz. Kalmar sirri kuma haruffa da lambobi sun wadatar, wasu kyamarorin suna tuntuɓe da tazara ko baƙuwar alama a ciki.

Ga mai shirin canza rauta nan gaba: ka sa wa sabuwar sunan Wi-Fi da kalmar sirrin tsohuwar, harafi da harafi, babba da ƙarami. Kyamarori za su hau da kansu ba tare da an taka tsani ba.

Mai Haɗa Kyamara, Daura:
Injiniya ya gama magana a kan rauta, amma ina ganin ko an gyara wannan duka, ta get ba za ta daina sauka da magariba ba. Rauta ba ta san dare ya yi ba. Abin da ke canzawa da magariba fitilun ganin dare ne da ke kewaye da idon kyamarar, waɗanda in ka matsa kusa za ka gansu ja-ja kamar garwashi. Da zarar sun kunnu, wutar da kyamara ke ja takan kusa ninkawa. In wutar ba ta isa ba, sashen Wi-Fi ne ke fara faɗuwa, ko kuma kyamarar ta yi ta mutuwa tana tashi. Ka tsaya kusa da ita bayan isha'i, in kana jin tana ƙas-ƙas a kai a kai, matatar haske ce ke shiga tana fita saboda tana ta sake tashi.

Alhaji, tambayata ita ce ina adaftar take? In a cikin gida take aka ja siririyar waya zuwa get, to ga lissafi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm² tana da turjiyar kusan 0.035 om a kowace mita. Mita 20 zuwa da dawowa mita 40 ke nan, wato om 1.4. In kyamara ta ja amfiya ɗaya, ka yi asarar 1.4V a hanya, abin da zai isa get bai wuce 10.6V ba. Wannan ma in wayar jan ƙarfe ce ta gaske, kuma in adaftar tana ba da 12V ɗin da aka rubuta mata, alhali wadda ta sha zafin Afrilu da Mayu a cikin silin da wuya ta cika alƙawari.

A gwada da maltimita, wato na'urar auna wuta, a bakin kyamarar, tana jone, ba a bakin adafta ba, domin adaftar da ba a ɗora mata kaya ba kullum lafiya take nunawa. Ba sai an jira dare ba: a rufe fuskar kyamarar da tafin hannu ko baƙin ƙyalle, fitilun za su kunnu, a kalli yadda lambar ke sauka. Ƙasa da 11V akwai matsala. Magani shi ne a kai wutar gida har get a sa adaftar a cikin akwatin roba mai murfi kusa da kyamara, ko a sauya wayar da mai kaurin 1.5mm², asarar ta dawo wajen rabin bolt. A sa adafta 12V 2A. Ƙarin amfiya ba ya ƙona kyamara, iya abin da take buƙata take ja, amma bolt kada a kuskura a ƙara. A kwance salatif ɗin mahaɗa ma a duba, ruwan damina yakan shiga ya bar kore-kore a kan waya.

Hajiya Mai Sola:
Batun rashin dawowa bayan an maido wuta, tsere ne tsakanin na'urorin. Kyamara tana tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, rauta mai layi kuwa takan ɗauki minti biyu ko fiye kafin ta kama sabis. Wasu kyamarorin in suka nemi Wi-Fi suka rasa sai su haƙura. Ka duba cikin manhaja ko akwai sabuntawar da kamfanin ya fitar, takan gyara wannan. In babu, ɗora rautar a kan inbata, ko ka saya mata ƙaramin batirin nan na rauta mai fitar da 9V da 12V, yadda ba za ta riƙa mutuwa ba sam. Ka dai duba bolt ɗin da aka rubuta a jikinta kafin ka jona.

Katin mimorin da ke cikin kyamarar ma abin zargi ne. Kati in ya gaji da rubutu yakan sa kyamara ta yi ta sake tashi. Cire shi na yini guda ka gani.

Masu amfani da MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batir, kuma su lura, yana da iyakar na'urorin da yake ɗauka, kuma yakan yi barci don tanadin batir sai an kashe wannan saitin. Data ma a sa ido: kallon kyamara a 2Mbps yana cin kusan 900MB a awa ɗaya.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. An raba zangon, an sa tasha ta 6, ta tsakar gida ta zauna daram. Mai wayarin ya gwada ta get, 11.5V ne, da ya rufe fuskarta ta sauka 10.3V. Adaftar tana cikin gida kamar yadda Malam na Daura ya zata. Mun mayar da ita get, jiya ta kwana tana aiki. Sai dai hoton yana tsayawa yana tafiya, manhajar auna Wi-Fi kuma ta nuna -76 a bakin get.

Injiniya_Layout:
Madalla. -76 ya yi rauni wa bidiyo Alhaji, domin a wannan ma'aunin lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi, ana son kada ya gaza -65, in an matsa -70. Bulo uku da get na ƙarfe ba ƙaramin shinge ba ne. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke kallon get, nesa da bayan talabijin, sannan a janye kyamarar daga jikin ƙarfen ta koma kan bango. In za ka sa na'urar ƙara zango, a tsakiyar hanya ake sa ta inda sabis ke da ƙarfi, ba a gindin kyamara ba, kuma ka sani takan rage gudun kusan rabi.

Ni dai in kyamarar tana da ramin wayar intanet, waya zan ce a ja. Wayar intanet samfurin Cat6 tana kai mita 100 ba tare da matsala ba, taka mita 20 ce kawai. A nemi ta jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu. A bi da ita cikin fayif don rana da ɓera, kada a haɗa ta fayif ɗaya da wayar wuta, kan wayar da ake jonawa, wato RJ45, kuma ya shiga cikin akwatin nan da adaftar take. Kafin wayar ta shiga akwatin a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, don ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa mahaɗa. Bayan an jona sai ka shiga rautar ka keɓe wa kowace kyamara adireshinta na dindindin, don kada ya riƙa canzawa duk lokacin da rautar ta sake tashi.