Shigar da yara makarantun cata (charter) a Bronx, birnin New York: me kuka gani?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Bana 'yata za ta fara makaranta, maƙwabciyata ta ce in gwada makarantun cata. Waɗanda suka riga mu, don Allah yaya kuka yi?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam Hajiya. Kyauta ce, da kuɗin gwamnati take tafiya, sai dai tana da hukumarta daban da ke tsara mata komai. Babu jarrabawar shiga. In masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake yi. Ki miƙa takarda kafin 1 ga Afrilu, wanda ya makara sai jerin masu jira. Ana fifita mai ɗan'uwa a makarantar, sannan mazauna gundumar, kuma Bronx gundumomin makarantu shida ne, daga ta 7 zuwa ta 12. Babban ɗana ya sha jira, dab da komawa makaranta aka kira mu. Ƙaninsa kuwa albarkacin yayansa ya shige.

Hajiya 'Yar Kumasi: 'Yar'uwa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardar da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Mutanenmu da yawa Turanci kawai suke rubutawa, wai kar a ce yaro bai iya ba. Ni Hausa na rubuta. Suka zauna da yarona, suka ga Turancinsa lafiya lau, magana ta ƙare. A wajen ƙidayar ɗalibai, ɗan Kumasi da ɗan Damagaram da wanda kakannin kakanninsa a nan aka haife su duk "baƙar fata" ake rubuta su. In ba mu ambaci harshenmu ba, ta ina makaranta za ta san muna nan, balle ta nemo tafinta ranar taron iyaye? Na ga uwa ta zauna ana maganar ɗanta, tana ɗaga kai kawai. Abin ya tsaya mini a rai.

Malam Isufu: Gaskiyarki Hajiya. Nawa daga Nijar ya zo da Hausa da Faransanci, aka gwada shi, aka ba shi malamar ƙarin Turanci. Shaidar adireshi, ta haihuwa da ta rigakafi suka nema. Ba a tambaye mu takardar zaman ƙasa ba, tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta hana a rufe wa yaro ƙofar makaranta saboda haka.

Maman Abba: Ni dai na cire nawa. Ana tashi a makare, ga aikin gida, Islamiyya ta gagara. Makarantun gwamnatin birni suna hutun Sallah, amma kowace cata da kalandarta, tamu ba ta bayarwa. Maman Ilham, ki tambayi lokacin tashi da hutun Sallah kafin ki sa hannu.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Baban Sadiƙ, ana iya neman makaranta fiye da ɗaya?

Baban Sadiƙ: Sosai. Kowace da ƙuri'arta, ki nemi duk waɗanda ke kusa da ke.