130 ko 138, wa ke riƙe da kambun satar bes?

Auta: Salam 'yan uwa, ni fa na bincika, ba Rickey Henderson bane ya fi kowa satar bes a kaka ɗaya a besbol ɗin Amurka, wato mai gudu ya tsere daga wannan bes (matsayar masu gudu a fili) zuwa na gaba lokacin da ake jefa wa mai bugu ƙwallo. Shi 130 yayi a 1982 da ƙungiyar Oakland, Hugh Nicol kuwa 138 yayi tun 1887 a Cincinnati. Don me ake danne wa bawan Allah haƙƙinsa?

Yaya Babba: Auta lambar gaskiya ce amma ba abu ɗaya ake ƙirgawa ba. A wancan zamanin in kana bes na ɗaya, mai bugu ya buga ƙwallo ya samu bes ɗaya kacal, kai kuma ka zuba da gudu ka wuce na biyu har na uku, to wannan ƙarin ana iya rubuta maka shi a matsayin sata. Sai 1898 aka soke haka. Yau kayi wannan tafi kawai za'a maka, ba ya shiga lissafin sata.

Auta: To ai ba laifinsa bane yaya, dokar lokacinsa ya bi

Yaya Babba: Ba wanda yace laifi ne. Amma Rickey duk 130 ɗin nan sai da ya tashi mai jifa na kallonsa ta gefen ido, mai cafkewa na tsugune a shirye ya wurgo, har sau 42 aka kama shi a shekarar kuma bai fasa ba, mutumin da ya yi ritaya da sata 1,406.

Kawu: Nima ina bayan Rickey amma ku yi adalci yarana. In canjin doka ne ke rage darajar lamba to sata 73 ɗin da Ronald Acuña na ƙungiyar Atlanta yayi a 2023 fa? A shekarar aka ƙara girman bes daga inci 15 zuwa 18, kuma mai jifa sau biyu kawai zai gwada kama mai gudu, na uku in bai kama shi ba an ba shi bes kyauta.

Yaya Babba: Kawu da girmanka, wannan sauƙi aka yi masa, amma ma'anar sata bata canja ba. Na Nicol ma'anar ce kanta daban.

Kawu: Ko yau ɗin ma ai akwai hannun mai rubuta maki. Zagaye na tara, wato na ƙarshe, masu tsaro na gaba da ci biyar, mai tsaron bes na ɗaya ya ja baya abinsa, mai gudu ya tafi na biyu, mai cafkewa ko miƙewa bai yi ba, ba za a rubuta sata ba, cewa za'ayi ƙyale shi aka yi. Wallahi wannan hukuncin yana min ciwo, yaron ai ya yi gudunsa.

Auta: Na yarda da batun 1898, ban san shi ba. Amma ni dai in an ce 130 a dinga ƙarawa da "daga 1898 zuwa yau", kar sunan Nicol ya ɓace.