Ɗaure maraƙi a gida don naman iyali: masu kiwo a Kumasi sun baje abin da suka sani

Ɗan Asawase: Assalamu alaikum. Akwai ɗan fili a bayan gida, ana so a ɗaure maraƙi guda a kiwata shi don cin iyali, ba don kasuwa ba. Iyayenmu da yayyenmu da suka san harkar, a taimaka mana: wane iri za a saya, ɗan wata nawa, me zai ci, kuma nama nawa za a sa rai?

Dillalin Mayanka: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada araha ta ja ka ga maraƙi mai shan nono. Tumbinsa bai fara aiki ba, sai madara, kuma zawo ne ke kashe yawancin waɗanda aka raba da uwa da wuri. Nemi yayayye, ɗan wata 10 zuwa shekara ɗaya da rabi, wanda ka gani da idonka yana cin ciyawa yana tuƙa. In ka shigo kasuwar shanu ta Kaase, bari a tayar da shi ya yi tafiya a gabanka. Hanci ya zama da danshi, gashi a kwance, gindin wutsiya ba kashi a manne. In ya yi tari bayan ɗan zagaye, bar shi, ciwon huhu ba abin kaiwa gida ba ne. Buɗe bakinsa kuma: in haƙoran gaba duk ƙanana ne na nono, bai kai shekara 2 ba. Rama ba aibi ba ce matuƙar ƙashi na da faɗi. Ramammen da yunwar hanya ta ci shi daga Burkina ko Bawku ya fi saurin ɗaukar jiki.

Baba Mai Turke, Aboabo: Gaskiya ne. Amma a kan iri, ni Sanga zan ce. Bokolo da farar saniya ta Fulani sun fi girma, ido na son su, sai dai dabbobin Arewa ne. Nan ƙasar kurmi ce, ruwa daga Maris har Yuli, ya sake dawowa Satumba. Kaska da kirci da sammore sun fi kama masu tozon nan. Sanga kuwa haɗin mai tozo ne da gajeriyar saniyar ƙasar nan, ya gaji juriya.

Dillalin Mayanka: Baba, a yi min afuwa, wanda za a ɗaure a rumfa ana yi masa feshi ba kamar na daji ba ne. Bokolo zai iya, in mai shi ba ya ƙyuya.

Baba Mai Turke, Aboabo: To ai nan gizo ke saƙar, sabon shiga ne. Ya fara da mai yafiya.

Malam Awo: Tun ranar da ya iso a san nauyinsa, don abinci da magani duk a kansa ake lissafi. Ba sai da sikeli ba. A ɗauki tef ɗin tela, a zagaye ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, sannan a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Zagayen sau kansa, sau tsawon, a raba da 10,840. Misali zagaye santimita 130, tsawo 110, ya ba da kilo 171 ko kusa. A maimaita duk wata. In wata biyu suka wuce tef bai motsa ba, ko tsutsa ce ko abinci bai isa ba.

Hajiya Mai Koko, Sabon Zongo: Ɗana, abinci ne kiwon, sauran duk rakiya. Maraƙi mai kilo 170 yana bukatar busasshen abinci kamar kilo 4 da rabi zuwa 5 a rana. Kashi biyu cikin uku ya zama ciyawa ko harawa, sauran dusa. Ka lura ɗanyar ciyawa ruwa ce ta fi yawa: kilo 3 na busasshiya daidai yake da ɗanya kilo 12 zuwa 15, wato dami sosai, kullum, har ranar da kake zazzaɓi. Mutane nan suke faɗuwa, sun lissafa kuɗin maraƙi ba su lissafa mai yankan ciyawa da kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba.

Ciyawar giwa a yanke ta tun ba ta yi kara ba, a sassara ta gajeru, a bar ta ta sha iska rabin yini. Ta bakin kwata da ta fadama mai ruwa kwance a guje ta, can tsutsar hanta take. Kafin Disamba a tara harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa, domin in hunturu ya shiga sai ta yi tsada.

Dusa kuwa, ta alkama, ta masara daga masu niƙa, da wadda muke tacewa ta koko, duk suna yi. Ta koko jiƙaƙƙiya ce, a ba shi a ranar ko a shanya. In ta yi fumfuna a zubar. Ɓawon rogo da na ayaba daga masu fufu abinci ne mai kyau, amma na rogo sai ya bushe ƙarau a rana kwana 2 zuwa 3, ɗanyensa na da guba. Ana awo da olonka, gwangwanin awo na kasuwa, to a ɗora olonka ɗaya ta dusa a sikeli sau ɗaya a san nauyinta, don ba ta kai nauyin ta masara ba.

Mai Allura, Asokore Mampong: Hajiya ta gama magana, in ƙara a kan yadda ake shiga dusar, don a nan aka fi asara. Maraƙin da ya taso a ciyawa ba a cika masa komi da dusa rana ɗaya. Tumbi zai yi tsami, ya daina tuƙa, ya yi zawo mai kumfa, wani ya kwanta bai tashi ba. A fara da rabin kilo a rana, a ƙara kaɗan duk bayan kwana 4 ko 5, har a kai kilo 1 da rabi zuwa 2 cikin mako 3. A raba safe da yamma, kuma ciyawa ta riga dusa shiga ciki. Ragowar tuwo da shinkafar biki ma haka suke, kada a juye masa.

Dusar alkama in ta yi yawa tana sa tsakuwa a mafitsara, musamman ga dandaƙaƙƙe. Alamarsa ya dinga yunƙurin fitsari yana ɗiga. Rigakafinsa garin ɓawon kawa da ake samu wurin masu abincin kaji, cokali biyu a dusar yini, da gishiri ɗan tafin hannu, da ruwa a gabansa koyaushe. Bokiti biyu na lita 15 ba su yi yawa ba a lokacin zafi.

Makon farko a ba shi maganin tsutsa. Albendazole na baki yana taɓa tsutsar hanta, ivermectin kuwa mil 1 ne ga kowane kilo 50, a ƙarƙashin fata. Feshin kaska da amitraz, a bi cikin kunne, mara da ƙarƙashin wutsiya. Rigakafin ciwon huhu da na saifa a je ofishin likitocin dabbobi na gunduma. In gefen hagu ya kumbura kamar ganga, a ɗura masa man girki kamar mil 250 a hankali, a zagaya da shi, a kira likita. In yawu na zuba kuma ba ya haɗiya, wani abu ne ya tsaya a maƙogwaro, mangwaro ko guntun rogo, kada a ɗura komai.

Iyan Yara: Leda! Ku share filin nan kullum. Maraƙi na cin ledar waakye, wato shinkafa da wake, da ta ruwan sanyi saboda gishiri da maiƙo, ba ta narkewa, sai ya yi ta ramewa da ƙaton ciki ana ta sayen magani a banza. Igiyar wuya kuma a sassauta ta duk wata, yana girma tana cin fata.

Baba Mai Turke, Aboabo: Rumfa taku uku-uku na babba ta isa, da rufin kwano, daɓen ya ɗan gangara. In ƙafa ta zauna a caɓi kofato zai ruɓe. Garin katako daga Sokoban a shimfiɗa, a kwashe kashi safe da yamma, masu lambu na karɓa. Wari da ƙuda ne ke kawo 'yan tankas, masu duba tsafta, da faɗan maƙwabta, kuma in ya tsinke ya fita titi, kamawa za a yi sai an biya tara. In akwai ƙananan yara a gidan a dandaƙe shi da wuri. Bijimi ɗan shekara 2 ba ya wasa.

Ɗan Asawase: Allah ya saka. In an yi niyyar layya da shi fa?

Malam Awo: To lissafi ya canza. A mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara 3, wasu malamai sun ce 2. Ɗan shekara ɗaya da aka kiwata wata 8 bai kai ba. Ka tambayi limaminku kafin ka saya.

Mahaucin Kaase: Yallaɓai, ga lissafin nama. In yana ƙara rabin kilo a rana, wata 8 zai kai shi kusan kilo 290. Bayan fiɗa, an cire kai, ƙafa, fata da kayan ciki, kusan rabi ke saura, a ce kilo 145 da ƙashi. Tsoka zalla wajen kilo 95 zuwa 100. Firiza mai lita 200 ba za ta ɗauke shi duka ba, kuma in aka danƙara nama da ɗuminsa, gefe zai daskare tsakiya ya yi wari, balle a ɗauke wuta. A bar shi ya huce, a ƙulla kilo ɗaya-ɗaya a shimfiɗe, cinya a yi kilishi ko a soya, ko tun farko a yi watanda da gida biyu.

Kafin yanka a duba ranar allurar ƙarshe. Oxytetracycline mai dogon aiki sai an jira kwana 28, ivermectin ya fi haka, yana rubuce a kwalba. A janye abinci tun daren da zai wayi ranar yanka, a bar masa ruwa, kada yara su yi ta guje-guje da shi, naman zai yi baƙi ya yi tauri. A mayanka akwai mai duba hanta da huhu. In a gida za a yanka, a kira shi ya zo, kuma huhun da aka ga ƙulli-ƙulli masu kama da cuku a jikinsa kada a taɓa naman sai ya gani.