Hotunan fuska da nake ɗauka ba su da rai, ina matsalar take?

Sabon Hannu:
Salam 'yan uwa. Wata takwas kenan ina ɗaukar hoton mutane, kyamara na da kyau amma in na duba sai in ga fuskar a sandare kamar hoton fasfo, abin na damuna wallahi. Ku da kuka daɗe ya kuka wuce wannan matakin?

Tsohon Mai Hoto:
Ƙanina duk mun bi ta nan. Haske ne, kashe filas ɗin nan ka zaunar da mutum kusa da taga hasken ya zo ta gefe, kuma ka saita fokas a kan ido, in ido ya fita tas an gama rabin aiki. Seydou Keïta na Bamako da ya buɗe situdiyo a 1948 da hasken rana da ƙyalle a baya ya yi suna.

Yar Lens:
Ni dai hira ce ta gyara min aiki. Da ina ɗaga kyamara nan take, yanzu sai na ja mutum da zance ya saki jiki tukuna. Kuma ka gwada lens (gilashin gaban kyamara) na 50mm ko 85mm, domin wayid, wato mai ɗauko fili da faɗi irin 24mm, na kumbura hanci in ka matso.

Sabon Hannu:
Na gode Yaya, da 24mm nake ta yi ashe! Gobe zan gwada tagar.