'Yan wasana sun kashe madugun da na gina labarin a kansa, ya zan yi ranar Asabar?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni jan wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne da kowane ɗan wasa ke riƙe da mutum ɗaya a cikin labari, jagora na jan labarin, ɗan lido kuma na yanke abin da ya faru. Wata huɗu ke nan ina jagorantar abokaina biyar, duk Asabar bayan la'asar, da dokokin bugu na 5. Labarin nawa ne na ƙirƙira: ayarin fatake ya tashi daga wani birni mai ganuwa zai yi kudu fataucin goro, irin tafiyar da kakanninmu ke yi zuwa Gwanja, sai dai hanyar cike take da aljanu da mayu. Littafin rubutu guda na cike da shiri. Ginshiƙin komai madugu ne, domin sai a zango na bakwai za a gane shi ya sayar da ayarin ga sarkin aljanu.

Asabar ɗin da ta wuce, muna zango na biyu, abokina da ke riƙe da ɓarawo a wasan ya ce bai yarda da madugu ba. Ya lallaɓa bukkarsa da dare, ya jefa ɗan lido mai fuska 20, sai ga 20 cif. Madugu ya mutu yana barci. Kaina ya kulle, na ce magariba ta yi, muka tashi. Ba zan ɓoye muku ba, sau biyu a baya na yi ƙaryar abin da lido ya nuna a bayan allon da ke ɓoye jifana daga idon 'yan wasa, don in tsare madugu. Yanzu in raya shi ne, in ce mafarki aka yi, ko in sake sabon labari? Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Wani tsohon hannu daga Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka raya shi, kuma don Allah ka bar zancen mafarki. Yaron nan bai ɓata maka wasa ba. Alamun da ka riƙa sakawa ne ya karanta, ya gano maci amana tun a zango na biyu. Wannan yabo ne gare ka.

Inda ka kuskure shi ne ka shirya tatsuniya. A tatsuniya kai ke cewa ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta, su yi shiru har ƙurunƙus. A wannan wasa kuwa bakin kowa na cikin labarin. Tun lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974, abin da jagora ke zuwa da shi taswira ce da ɗakuna da abin da ke cikinsu, 'yan wasa su zaɓi ƙofar da za su buɗe. Justin Alexander, mai rubutu kan jan wasa, ya daɗe yana nanata cewa a shirya yanayi, kada a shirya jerin abin da dole ya faru.

To duba yanayin da ke hannunka. Madugu ya mutu, amma cinikin da ya ƙulla bai mutu ba. Sarkin aljanu yana jiran kayansa, kuma bai damu da wa zai kawo ba. Ayari na tsakiyar daji babu shugaba. Jagaba ya san hanya, uban dawaki na da mutane, kowannensu zai so rawanin. Uwargidan madugu fa, ta san sirrin mijinta ko ba ta sani ba? Ga jini a hannun ɗaya daga cikin masu gadi. Ni da zan samu irin wannan dare, wata uku zan yi ina cin gajiyarsa.

Ka ɗauko littafin nan naka ka fitar da abu biyu kawai: wa ke son me, da sirrikan da ba a gano ba tukuna. Kowane sirri ka ba shi hanya uku ta fitowa, kada ya zauna a bakin mutum ɗaya. Laya a cikin kayan mamacin, raƙumin da ke ƙin wata rijiya, yaron madugu da ya ga abin da bai kamata ba.

Wata malamar makaranta:
Ni maganar ƙaryar lido ce ta tsaya min. Na taɓa yi, 'yan wasana suka gane, daga nan ko sun ci faɗa ba sa murna, sai su kalle ni. Tun ranar nake jifa a fili kowa na gani.

Kuma Malam, 20 ɗin nan ba ita ta kashe shi ba. Mai barci a doka kamar sumamme yake: wanda ya kai masa hari zai jefa lido biyu ya ɗauki mafi girma, in kuma ya same shi daga kusa, bugun ninki ne ko da bai jefa 20 ba. Ɓarawo a mataki na 3 na ƙwarewa yana da ƙarin lido biyu masu fuska 6 na harin sari-ka-noƙe, in an ninka sun zama huɗu. Ranar da ka bar madugu ya kwanta babu mai tsaron ƙofa, ranar ya mutu. Ita kanta 20 tana zuwa sau ɗaya cikin ashirin, zaman da aka yi jifa 40 sai ka sa ran ganinta wajen sau biyu. Idan ba za ka iya karɓar sakamako ba, kada ka ce a jefa.

Wani ɗalibi daga Maraɗi:
Malama, ba duk maganarki na yarda da ita ba. Littafin jagora na 2014 da kansa ya ambaci cewa jifa a bayan allo na ba mutum damar sassauta sakamako. Duk wanda ya ja Lost Mine of Phandelver, wani shiryayyen labari na masu fara wasan, ya san kwanton ɓaunar farko kan kwantar da sabon ɗan wasa mai makin rai 8 ko 10 kacal kafin ya fahimci dokoki. A nan ni ina sassautawa, don kada baƙo ya tafi bai dawo ba. Amma a yi ƙarya don kare mutumin da jagora ya ƙirƙira, wannan kam kwace wasa ne daga hannun masu shi.

Yaya mai tambaya, in muryar madugu kake kewa, akwai hanya cikin doka. Sihirin Speak with Dead, wato magana da matattu, yana sa gawa ta amsa tambaya biyar, kuma ba dole ta faɗa wa maƙiyinta gaskiya ba. 'Yan wasanka sai sun kai mataki na 5 za su iya shi, amma ka sa wani boka a zango na gaba ya yi musu, da farashi mai zafi.

Wata 'yar Kumasi:
Abu ɗaya ba a taɓo ba. Sauran huɗun sun yarda da kisan, ko shi kaɗai ya yanke? Ka tambaye su ɗaya-ɗaya kafin Asabar. Kuma kada ka rama ta hanyar turo dakarun da ba a iya kayarwa. Za su gane fushi ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na kira su jiya. Uku sun ce shi ne zaman da ya fi musu daɗi, ɗaya ta ce ta so a yi shawara da ita tukuna, mun yarda nan gaba za a riƙa yi. Na yanke cewa uwargidan ta san komai, kuma da asuba ita za ta fara ganin gawar. Allon ma na ajiye shi. Abin da ya rage min: in faɗa musu na yi ƙaryar lido sau biyu?

Wata malamar makaranta:
Faɗa musu, a taƙaice, kafin a fara. Sannan ka ɗora lidon a tsakiyar tabarma ka ce uwargida ta ɗaga labulen bukka.