Numfashin Baba yana raguwa tunda aka ɗora shi kan mofin, don Allah a ba ni shawara

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan Baba yana fama da ciwon daji, har gonarsa mun sayar. Yayyena maza kowa ya zame, ni kaɗai nake kwana da shi, ga yara, ga maigida ya fara ƙorafi. Wata guda da ya wuce likita ya rubuta masa mofin na ruwa, ciwon ya lafa. Amma jiya da dare na dafa ƙirjinsa na ƙirga, sau 9 kawai ya ja numfashi a minti ɗaya, yana wani irin minshari. Sai da na girgiza shi sosai ya buɗe ido. In daina ba shi ne?

Hajiya Ladi: Ki daina yau ɗin nan, 'yata. Kodin ne ya lalata min ɗan ƙanwata kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, har yau bai dawo daidai ba. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ki koma zuma da habbatussauda.

Abu Safiyya: Hajiya, a yi haƙuri, ba a yanke mofin rana ɗaya, ciwon zai dawo masa da ƙarfi. Maganin yana danne wurin da ke sarrafa numfashi ne a gindin ƙwaƙwalwa. Maman Khalil, duba ƙwayar idonsa, ta tsuke kamar kan allura? Akwai wani maganin da kike haɗa masa?

Maman Khalil: Rabin Valium ne kawai da daddare. Ai ba ya samun barci, ni ma haka.

Abu Safiyya: To ga matsalar nan! Haɗin biyun nan yana kisa. Ki kai shi asibiti yanzu. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi cikin mintuna, sai dai tana iya kore tasirin mofin ɗin gaba ɗaya, ciwo ya taso, kuma ƙarfinta yakan ƙare kafin na mofin. Shi ya sa masu bincike ke gwada wasu magunguna, irin su ampakine, da za su tada numfashi ba tare da sun taɓa sauƙin ciwon ba. Ba su shigo kasuwa ba tukuna.

Baban Ummi: Wace naloxone? Lokacin jinyar mahaifiyata ko iskar oksijin sai da muka saya a waje. Ki rage masa rabi kawai.

Abu Safiyya: Kar ta rage komai da ka, likita ne zai auna.

Maman Khalil: Ni fa ba da gangan na yi ba, wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ce ta ce ba komai. Kuma sati uku yana shan Valium ɗin lafiya lau. Ranar ganin likitansa sai Alhamis, wa zai kama min shi mu sa a Keke Napep da daren nan?