Abin da aka tattauna a majalisar mai shayi kan fanshon 'yan sanda

Jiya da daddare a Nyanya da ke Abuja hira ta karkata kan 'yan sanda, tunda doka ba ta ba su damar kafa ƙungiyar ƙwadago ba, shi ya sa tsofaffin da suka yi ritaya ne suka fita zanga-zanga Majalisar Tarayya a Yulin 2025 kan a cire su daga fanshon karo-karo. Wani baba tsohon sufeto ya ba masu aiki shawara, ya ce ɗana ka dinga duba asusunka na fansho duk wata, in ba a zuba ba ka rubuta wa PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, ka ajiye kwafi. Takardun ƙarin girma kuwa a sa su a leda, nasa ruwan barikin ya cinye. Sunan magaji ma a gyara tun da rai. Masu kaki dai ban da ƙorafi a Facebook, takardar tuhuma (query) ake ba mutum.